Sifikun Advent biyu da aka kusa mayarwa akurkin kaji a Samaru

Wajen ƙarshen Nuwamban bara ne wani dillalin kayan gida da na saba sayen tarkace a hannunshi ya kira ni yace Alhaji akwai wasu akwatuna biyu a wani gida a Samaru, in baka zo yau ba gobe mai kaji zai kwashe. Na ɗauka zolaya ce irin ta dillalai, ashe da gaske yake, wani maƙwabcin gidan ne ya taya, so yake ya fitar da kayan cikin ya buga raga a gaba ya zuba 'yan tsaki. Maigidan ya jima da rasuwa, tsohon malamin jami'a ne da yayi karatu a Amurka a shekarun 1970 ya dawo da kayanshi ta jirgin ruwa kaman yadda 'yan zamaninsu suke yi, yanzu Hajiya zata koma wajen ɗanta shi ne ake ta rage kaya.

Da na je na same su a sito bayan wani tsohon firij, ƙura ta rufe su, ƙyallen gaban ɗaya ya yage. Na juya bayan naga takardar kamfani da sunan Advent da Cambridge, Massachusetts, sai da gabana ya faɗi amma na daure fuska saboda dillali na kallona. Irin waɗannan ba kasafai ake ganinsu a nan ba. Yawancin tsofaffin kayan sautin da ke gidajenmu na Japan ne, Pioneer da Kenwood da Sansui da Akai, waɗanda ma'aikata suka saya lokacin da kuɗin Udoji ya fashe a 1975. Hajiya tace amfilifayar da suka zo tare ta ƙone tun yaran suna ƙanana, wani ya cusa ta a soket kai tsaye alhali ta wutar 110 ce. Su sifikun ba ruwansu da wutar bango, daga amfilifaya kawai suke ci, shi yasa suka tsira. Nace Mama nawa zan bayar, tace ɗan nan ka bada abin da ya sauƙaƙa ka raba ni da su. Na biya, muka ɗora a Keke, kowace ɗaya ta kusa kilo 20.

Bari in ɗan faɗi ko su waye, don duk rigimar da muka yi daga baya a nan tushenta yake. Wani Ba'amurke Edgar Villchur ne ya fito da wata dabara a farkon shekarun 1950, shi da ɗalibinshi Henry Kloss suka kafa kamfanin Acoustic Research a 1954. Kafin su, in kana son bes mai zurfi sai ka samu akwati kaman wadrob, saboda abin da ke riƙe takardar sifika yana maido ta wurinta bayan ta motsa abu ne mai tauri. Villchur yace a'a, a yi marikin ya zama laɓo-laɓo mai taushi sosai, sai a toshe akwatin ruf ba ƙofa ko ɗaya, iskar da aka kulle a ciki ita zata riƙa turo takardar tana janyo ta. Wato iska ce sifirin ɗin. Kloss ya bar can ya kafa KLH a 1957, ya sake kafa Advent a 1967, a 1969 ya fitar da wannan sifikar da ke gabana, kuma abin dariya ba ita ce burinshi ba, talabijin mai haska hoto a babban allo yake son ƙerawa, sifikar ya yi ta ne don ta kawo kuɗin aikin, sai ta zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi saye a Amurka a wancan zamanin.

Da na cire murfin gaba a gida abin da na gani bai bani mamaki ba. Kowace akwati bakuna biyu ne, babba a ƙasa na bes wanda ake ce wa wufa, ƙarami a sama na siririn sauti, tiwita kenan, ita kuma tasu wani ƙulli gare ta a tsakiya mai ruwan lemo har Turawa na mata laƙabi da soyayyen ƙwai, in ka gani zaka ce sun yi gaskiya. Wufan takardarshi inci 10 ce amma ƙarfen da ke ɗauke da ita na inci 12 ne, sai aka cike tsakanin da wani zoben katako siriri ruwan ƙasa irin na bayan durowa, Masonite. Wannan zoben shi ya nuna min cewa ƙirar farko ce, don a 1977 sun canza sun koma ƙarfe zalla. Tsakanin takardar da zoben ya kamata a ce akwai soso zagaye, a ta hagu babu komai sai ɓurɓushi baƙi mai danƙo, ka taɓa ya narke a yatsa kaman tsohuwar katifar da ta sha rana. Haka wannan soson yake, danshi da zafi ne ke cin shi a hankali, shekara 15 zuwa 20 ya gama yawo ko ana amfani da sifikar ko ba a yi, balle wanda ya sha damina fiye da 40 a sito.

Ta dama ce ta ɓata min rai. Wani ya taɓa gyara ta, gyaran gangar Auzinawa. Ya yanko tif ɗin taya ya zagaye bakin da shi ya ɗura sufa gulu har ya gangaro kan takardar ya ƙame kaman gilashi. In ka danna takardar ko gezau bata yi.

Kafin in kashe ko sisi sai da na tabbatar akwai rai a ciki, don in koyil, wato naɗin siririyar wayar da ke motsa takardar, ya ƙone lissafin ya canza gaba ɗaya. Na kwance wufan biyu na sa mita a ƙafafunsu, duk sun nuna, kuma kusan daidai da juna. Kar ka damu in an rubuta om 8 a baya mita ta nuna maka ƙasa da haka, haka yake a kowace sifika, abin tsoro shi ne ta ƙi nuna komai ko ta nuna kusan sifili. Na ɗauko batirin tocila na 1.5 na ɗan taɓa, ta hagu ta yi tsalle waje, ta daman ma ta ɗan yi ƙoƙari duk da tayar da aka ɗaure ta da ita. Na leƙa ƙasa inda wani ƙyalle mai rawaya mai lanƙwasa-lanƙwasa yake, sifaida, bai yage ba bai zauna ba. Tiwitocin ban sa musu batir ba, mita kawai, suma suna nan da ransu, wannan kam sa'a ce don samun na asali sai an tona. Abu ɗaya da ban yi ba kuma ina roƙon kowa kar yayi, ban haɗa su da amfilifaya don in ji ko suna yi ba. Koyil yana yawo ne a wata 'yar siririyar rariya cikin maganaɗisu, tazarar bata fi kaurin kati ba, in babu soson da ke tsayar da takardar a tsakiya sai koyil ya riƙa gogar ƙarfe, minti kaɗan ya kankare wayar, ka mayar da ƙaramin gyara babba.

Daga nan na kai su wajen wani dattijo mai gyaran rediyo a Sabon Gari, mun daɗe tare, hannunshi na da kyau ƙwarai wajen naɗa koyil da darma, yawancin sifikun masallatai da na masu DJ a unguwar shi ke tashinsu. Ya juya wufan ya duba yace Alhaji wannan ai ba abin wahala bane, ga sabbi 'yan China inci 12 nan birjik a kasuwa wat 500, mu cire waɗannan tsofaffin mu dasa, sannan in huda maka rami a gaba in sa bututu, wallahi bes sai ya girgiza kwanon gidanka. Nace Baba ai ba girgiza kwano nake nema ba. Yace to in ka nace sai waɗannan, ina da bakin ƙyalle irin na sifikun biki, shi baya ruɓewa har abada, soso kuma shekara nawa zai yi.

Kuma fa ta fuskarshi yana da gaskiya, a nan ne na daɗe ina mishi bayani har shayinmu ya huce. Sifikun da yake gyarawa kullum na fili ne, ana so su yi ƙara su jure duka, marikinsu mai tauri ne kuma akwatinsu na da rami da gangan. Wannan kuwa an auna nauyin takardarta da taushin sosonta da yawan iskar cikin akwatin ne tare, kaman awon sanwa, ka canza ɗaya sauran sun tashi aiki. Wufan Advent in yana waje shi kaɗai a sake yake sosai, sai an kulle shi a akwatin iska ta riƙe shi sannan ya daidaita wajen bugu 40 da ɗoriya a daƙiƙa, shi yasa yake iya sauka ƙasa sosai ba tare da gunji ba. Ka sa mishi ƙyalle mai tauri, sifirin ya zama biyu, na iska da na ƙyalle, zurfin ya gudu sai dum-dum a sama. Ka huda rami kuwa ka zubar da iskar da ke riƙe shi, takardar zata riƙa lilo ba birki har koyil ya daki ƙasa. Sabon wufan kasuwa kuma ba don wannan akwatin aka yi shi ba, ba kuma zai daidaita da tiwitar ba, sai ka tashi da akwatin Advent muryar wani. Wat 500 ɗin da ke jikin kwalin ma dai mun san yadda ake rubuta shi. Baba yayi dariya yace ku 'yan boko da tsohuwar zuma, to kawo soson naka mu gani.

Samun soson ya ɗauki sati uku. Wanda ake samu a kasuwa na inci 10 da na 12 duk basu shiga, saboda wancan zoben katakon, dole sai wanda aka yanka musamman don wannan ƙirar, wani ɗan'uwa da ke dawowa daga waje ya taho min da guda biyu da 'yar robar gam fari. Kuɗinsu ya fi abin da na ba Hajiya, uwargida ta ji ta kalle ni kawai bata ce komai ba.

Kafin su iso muka yi aikin kankara, wanda shi ne rabin gyaran gaba ɗaya kuma ba wanda ke son shi. Ta hagu da sauƙi, yatsa da reza mara kaifi sosai da auduga da ɗan sifirit, a hankali har bakin takardar ya fito fes, ba a jiƙa takardar da yawa. Ta dama kwana biyu muka yi. Tif ɗin ya fita amma sufa gulun ya shige cikin takardar, in ka ja da ƙarfi sai ya taho da naman ta, Baba ne ya zauna da tabarau yana shaftarshi kaɗan-kaɗan kaman mai fiɗa, duk da haka wani wuri kaman faɗin farce ya ɓalle. Muka lika 'yar takarda siririya ta baya da gam fari muka bari ta kwana. Garin neman gira dai wancan mai gyaran ya kusa rasa ido.

Wajen lika sabon akwai abin da ke rikita mutane a wannan ƙirar, soson a kife ake sa shi, tudun na kallon ciki, kuma leɓenshi na waje a ƙarƙashin zoben katakon yake kamawa ba a sama ba, sai ka riƙa zura yatsu ta tagogin ƙarfen ta baya. Ana fara lika leɓen ciki a jikin takardar a bar shi ya bushe sarai, sannan a zo babban wuri, wato lika na waje alhali koyil na tsakiyar rariyarshi daidai. Hanya biyu ce. Ko ka yanke hular da ke rufe tsakiyar takardar ka cusa 'yan siraran leda masu tauri zagaye da koyil su riƙe shi, ko ka bar hular ka sa mishi ƙaramin sauti mai zurfi yana rawa a hankali kana lika kana saurare, in ka ji ƙar-ƙar ka san ya karkace ka gyara. Na zaɓi ta biyu don bana son taɓa hular asali, na sauke manhajar da ke fitar da sauti a waya na sa bugu 30, boliyum ƙasa-ƙasa.

Na farko ya tafi lafiya. A na biyu na gama shafa gam kenan aka ɗauke wuta. Maimakon in goge gam ɗin in jira sai na ce ai hannuna ya gane, na ci gaba da ƙiyasi, ga shi hunturu ne gam fari na kamawa da wuri fiye da yadda na saba. Da na gama na sa yatsu huɗu zagaye da hular na danna a hankali sai naji shi, wani ɗan kar-kar kaman yashi a cikin kwano. Baba ya kalle ni ta saman tabarau yace to injiniya. Allah ya taimaka gam ɗin na ruwa ne bai gama ƙamewa ba, muka jiƙa auduga muka bi gefen muka ɗaga shi ba tare da soson ya yage ba, da sufa gulu ne ko gam ɗin masu takalmi da shi kenan sai wani sati ukun. Ya jawo wata 'yar amfilifaya mai aiki da batirin mashin muka sake, wannan karon shi ya riƙe ni na lika.

Cikin akwatin cike yake da audugar gilashi mai ƙaiƙayi, yaron shagon har ya fara kwasowa zai zubar na tsayar da shi, aikinta ne ta shanye sautin da ke komawa baya, kuma tana sa wufan yaji kaman akwatin ya fi haka girma. Mun dai kakkaɓe kashin kyankyasai muka mayar, da safar hannu. A jikin allon baya kurosoba take, mai raba sauti tsakanin wufa da tiwita wajen bugu 1000, kayanta kaɗan ne, kafasita da naɗin waya da resisto da wani makunni mai matsayi uku na ƙara ko rage kaifin tiwita. Kafasitocin irin masu ruwa a ciki ne, suna bushewa da shekaru awonsu ya gushe. Wadda aka rubuta 16 a jikinta mitar Baba ta nuna ta haura 20 a akwati ɗaya, wannan ba ƙaramin abu bane don ƙaruwar na nufin ana tura wa tiwita sauti mai kauri fiye da ƙarfinta, a haka ake ƙona su. A nan Baba ya rama, don ni har na fara tunanin wani odar daga waje yace haba Alhaji, ya aika yaro layin masu kayan wuta ya sayo kafasitar injin ruwa. Irin waɗanda ke zama a layi muddin mota na juyawa, kaman na fanka, na leda ne a ciki basa bushewa kuma ba ruwansu da fozitib ko negetib, sun dace sarai, banda baƙaƙen nan na tayar da mota kawai, su masu ruwa ne. In baka samu awon daidai ba ka haɗa biyu kafaɗa da kafaɗa awonsu ya taru. Girmansu ne dai kaman gwangwanin tumatir, muka ɗaure su da gam da igiyar roba kar su riƙa kaɗawa. Makunnin kuma ya sha feshin wanke lamba muka yi ta kaɗa shi sama da ƙasa har ƙarar ta ɗauke.

Katakon ban daɗe a kanshi ba. Garin katako ne aka matse aka lulluɓe da fatar icen walnot siririya, gindin ɗaya ya sha ruwa ya kumbura, na ɗura gam fari na ɗaure da katakai biyu kwana biyu, ya koma amma ba duka ba. Kafinta yaso ya bi da injin samfefa ya fesa baƙin fenti mai sheƙi, na hana, fatar bata kai kaurin kati biyu ba injin zai cinye ta nan take. Samfefa mai laushi da hannu, bin tsawon zanen icen, sai mai. Gara bata shiga ba, alhamdulillahi.

Da muka mayar da komai na sa tef ɗin soso siriri irin na bakin ƙofar mota ƙarƙashin kowane baki a madadin tsohon danƙon da ya bushe, muka ɗaure sukurori a gicciye kaman tayar mota. Sai gwajin da nafi so, ka danna takardar wufan a hankali ka saki, in akwatin a toshe yake zata dawo ne sannu kaman mai jin nauyin jiki. Ta hagu ta dawo a hankali. Ta dama ta yi fit ta dawo nan take. Akwai inda iska ke fita kenan. Muka sake sa sautin 30 ɗin na jiƙa bayan hannuna ina bi lungu-lungu, a baya can ƙasa naji sanyi-sanyi, ashe wancan gwanin na tif ɗin taya ya huda wani ɗan rami ya zura waya ta ciki, daga baya aka cire wayar aka manna sitika a kai. Rami bai kai kaurin fensir ba. Na soka ɗan ice da gam na toshe, na sake dannawa, ta dawo sannu kaman 'yar'uwarta. Baba da kanshi ya danna sau uku yana kallo, yace ikon Allah, wai iska.

Kafin haɗawa na auna bakin amfilifayar da mita in tabbatar bata fitar da wutar DC irin ta batir, sannan na bi wayoyin ja da baƙi da kyau, don in ɗaya ta juye sai wufa ɗaya na turawa ɗaya na ja bes ya ɓace a tsakiyar ɗaki ka zaci gyaran ne bai yi ba. Wani abu kuma, waɗannan sifikun masu cin wuta ne, farashin da ake biya kenan a wannan dabarar ta Villchur, kuma ƙaramar amfilifaya da aka murɗe har ƙarshe ta fi babba haɗari, don in ta gaza sai ta riƙa yanke kan sautin tana aika wa tiwita tarkace mai zafi. Tawa wat 40 ce kowane gefe, ban taɓa wuce rabi ba.

A shagon muka fara ji, da wani tsohon kaset ɗin Baba na kiɗan kalangu. Minti na farko bai burge shi ba, na gani a fuskarshi, ya saba da abin da ke dukan ƙirji. Can sai ya ɗaga hannu yace tsaya, ashe akwai wata ganga a bayan kalangun, shekara nawa yana jin kaset ɗin a ɗaukarshi gunjin tef ne. Ana jin lokacin da makaɗin ya matse tsarkiya muryar kalangun ta hau, ana jin sanda ya saki ta sauko, kuma muryar 'yan amshi bata nutse a ciki ba. Sabon soso na ɗan tauri da farko, bayan sati biyu ana kunnawa kullum ƙasan ya ƙara buɗewa. Ta daman da aka yi wa faci na sa kunne sosai ko zan ji bambanci, ban ji ba.

Saura ƙyallen gaba. Na asalin wani saƙa ne mai sarari launin ƙasa-ƙasa, ɗaya ya yage ɗayan ya dafe, kuma ba kowane yadi ake sawa ba, sai wanda in ka kara a baki ka hura iska zata wuce ba tare da ka yi nishi ba, in ba haka ba ya danne tiwita. Na shiga Kantin Kwari sau biyu ina ɗaga yadi ina hurawa masu shago na kallona, wanda iska ke wucewa launin bai yi ba, mai launin kuma ya cika kauri. A haka suke a falo yanzu ba murfi, na ɗora su kan bulo biyu-biyu saboda mofa, ƙaramin ɗana kuma an kafa mishi doka akan soyayyen ƙwan, don tun ranar farko naga yatsanshi ya nufi wajen.